Batun ɗankwali da ankon Zumunta

'Yata, na ga saƙonki. Tambayar ba ta amsawa a tsaitsaye ba ce, shi ya sa na bari sai da na samu zama. Kin ce ranar Lahadi wata uwa ta tare wata budurwa a ƙofar majami'a don ta zo ba ɗankwali, ta wanke ta tas a gaban jama'a har yarinyar ta juya gida da kuka. Ke kuma an sa ki gaba sai kin sayi ankon Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a, kafin taron shekara, alhali haihuwa ta cinye abin da ke hannunku. Shi ne kike so ki sani, waɗannan abubuwa umarnin Allah ne ko al'ada ce kawai.

Ɗankwali yana da tushe a Littafi, wannan ba zan ɓoye miki ba. A 1 Korintiyawa sura 11 Bulus ya ce mace ta rufe kanta in za ta yi addu'a ko annabci, namiji kuma ya buɗe nasa. Daga nan ne babanki yake cire hula da zarar ya taka ƙofar majami'a, shi da ko shagon unguwa ba ya zuwa kai ba hula. Malaman Littafi sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko maganar ta mutanen Korinti ce a zamaninsu ko ta kowane zamani, shi ya sa za ki ga wasu ekklesiyoyi sun saki, wasu kuma sun ƙara har da hana 'yan kunne. Amma mu a nan, ɗankwali ya riga bishara zuwa. Kafin Dokta Miller, Baturen mishan, ya zauna a Zariya a 1905, kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, matar aure a ƙasar Hausa ba ta fita kai a buɗe. Ayar ta zo ta tarar da abin da iyayenmu suke yi ne, sai suka riƙe shi da hannu biyu. Ga kuma maƙwabta Musulmi da muke rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Iyayenmu ba su so a ce shiga addinin Kirista ya cire wa 'ya'yansu kunya. Don haka ki ɗaura ɗankwalinki, bai rage ki da komai ba.

Anko kuwa ba shi da aya ko guda. Yadda iyayenmu mata suka fahimtar da mu, amfaninsa shi ne in mun tashi waƙa, ana buga tulu ana kaɗa kacau-kacau, kada a gane wace ce matar babban ma'aikaci, wace ce mai sayar da ƙosai a bakin titi. Sutura ce ta rufin asiri. To yau ya zama sai mai hali ke iya saye, wadda ba ta da shi ta ɓuya a gida ranar taro, wata ma ta ci bashi ko ta taɓa kuɗin makarantar yara. In abin ya kai haka, an juya shi baibai. Yakubu ya yi magana a kan irin wannan a sura 2 ta wasiƙarsa: mai zoben zinariya da kaya masu kyau ya shigo a ce masa ga wuri mai kyau, matalauci ya shigo da tsumma a ce ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Bai yi wa masu yin haka ta daɗi ba, masu mugun shari'a ya kira su.

Kin san labarin Sama'ila a gidan Yesse a Baitalami tun kina makarantar Lahadi, amma ki sake karanta 1 Sama'ila 16 yanzu da kika girma. Annabi guda, dattijo, da Allah ya aika ya naɗa sabon sarki cikin 'ya'yan Yesse, ya ga babbansu Eliyab dogo kyakkyawa sai ya ce a ransa ai wannan ne. Bai daɗe da ganin yadda ta ƙare da Sarki Saul ba, wanda ya fi kowa tsawo a Isra'ila, amma ido ya sake jan sa. Sai Ubangiji ya tsawata masa: mutum yana duban abin da ke waje, shi kuwa zuciya yake duba. 'Ya'ya bakwai suka wuce, aka aika jeji aka kira auta, Dawuda, daga kiwon tumaki. In Sama'ila ya iya ruɗuwa, ina ga uwar da ke tsaye a ƙofa?

Sai dai ki lura da abin da masu wa'azi suke yawan tsallakewa. A wannan sura ɗin aka ce Dawuda kansa kyakkyawa ne. Ke nan kyau ba laifi ba ne, ƙazanta kuma ba tsarki ba ce. Da Bitrus ya ce kada adon mace ya zama na kitso da zinariya da tufafi, sai dai na tawali'u da natsuwar zuciya, ba haramta kitso ya yi ba, in ba haka ba da tufafin ma sun haramta. Yana faɗa miki inda za ki zuba ƙarfinki ne. Ni kaina ina son atamfa mai kyau, kin fi kowa sani.

A zumuntarmu akwai wata gwauruwa, Allah ya ba ta hutawa, wadda ankonta ya koɗe har ba a iya karanta rubutun jikinsa. In aka kwantar da wani a asibiti, ita ce da asuba da kunu a jug, ta naɗe hannun riga ta wanke kwanon mara lafiya ba ta ko yatsina fuska. In aka yi rasuwa, kafin mu masu gwaggwaro mu gama ɗauri ta hura wuta ta ɗora tukunya. Na kuma san wata da ba ta taɓa fashin anko ba, leshinta sai an kalla, amma yarinyar aikinta tana bin ta albashin watanni, adashe kuma in ta kwasa sai an kai ƙara wurin dattawa kafin ta ci gaba da zubi. Hali zanen dutse ne, turmin atamfa ba ya rufe shi.

Game da kuɗin anko, kada ki ci bashi. Ki samu shugabar zumunta ita kaɗai, ki gaishe ta da ladabi, ki faɗa mata halin da kuke ciki, ki roƙi a bar ki ki biya kaɗan-kaɗan. In ba ta yarda ba, ki sa zanenki mai tsabta ki je taron, ba wanda ya isa ya kore ki daga gidan Allah. Uwar nan da ta yi faɗa kuma, kada ki tanka mata a gaban mutane, ba girmanki ba ne. Ki kai maganar wurin matar fasto, ita ta san yadda za ta ja mata kunne.

Budurwar ce ta fi damuna. Ki nemi gidansu kafin Asabar, ki tafi da ɗankwali ɗaya cikin na lefenki, ki ce ranar Lahadi za ki biyo mata ku tafi tare. Ko ta ɗaura ko ba ta ɗaura ba, ki zaunar da ita kusa da ke.

Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan jaririn.

Gwaggonki