Amsa ga 'yar uwar da mafin ɗin kabewarta ke fitowa kamar roba

Wallahi 'yar uwa ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce tun da kika fara zuba garin furotin mafin ɗinki na kabewa (ƙaramin kek ɗin nan) yake fitowa da tauri kamar roba, sama ya bushe ciki kuma ya yi danƙo kamar bai gasu ba. Ni abin nan har kuka ya sa ni.

Lokacin Mama ta tashi daga doguwar jinya duk ta rame ba ta son cin komai, likita ya ce a ƙara mata furotin. Sai wata mai koyar da gashi a intanet ta ce wai in cire fulawa gaba ɗaya in zuba garin furotin a madadinta, na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Na gasa guda 24 na kai wa Mama da zumuɗina. Baiwar Allah ta yi ta tauna ta yi ta tauna, dama haƙoran ba ƙarfi, ta kasa haɗiyewa, amma don kar raina ya ɓaci sai ta ce ya yi daɗi Allah ya yi miki albarka. Washegari ina gyara mata gado na tarar da shi a naɗe cikin tsumma ƙarƙashin filo. Na yi wa matar nan magana cikin ladabi, buɗar bakinta sai ta ce hannuna ne bai iya ba, ko haƙuri ba ta ba ni ba, ƙarshe ma cire ni ta yi daga guruf ɗinta. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, don mara lafiya fa na kai wa, kuma Allah kaɗai ya san mata nawa ta gaya wa haka.

To garin furotin ɗin nan ba fulawa ba ne. Na madara in ya ji wuta ƙanƙamewa yake yi kamar farin ƙwai, ya shanye ruwan kwaɓin, shi ne robar da kike ji. Kar ki bari ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na garin duka. Ni yanzu garin ots kofi ɗaya da rabi nake sa wa, garin furotin rabin kofi, kabewa kofi ɗaya, ƙwai 2, yogot mai kauri rabin kofi, mai cokali 3, 'yar zuma, kirfa da citta, bakin hoda ƙaramin cokali 2. Guda 12 yake ba ni. Don Allah kar ki cire man nan wai don neman lafiya, shi ne ke riƙe laushin.

Danƙon ciki kuma ina zargin kabewar ce. Kusan kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, in kika dafa ta a ruwa kin ƙara mata wani. Ki gasa ta a oben, ki markaɗa, ki zuba a ƙyalle mai tsabta ta tsane. Kuma ita ba ta da wani furotin, giram 1 ne a giram 100, amfaninta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, 'ya'yan kabewar ma da muke zubarwa suna da kusan giram 30 a giram 100, ki ɓare ki barbaɗa a sama. Da na yi lissafin nawa kowane mafin wajen giram 7 yake tashi, kuma da shi Mama ta fara cin biyu da safe, ranar har sujada na yi.

Af, kar ki yi ta buga kwaɓin, da zarar gari ya ɓace ki tsaya, ki bar shi minti 10 ots ɗin ya jiƙa. Wuta digiri 180, daga minti 18 ki soka tsinken sakace, in ya fito da ɗan ɓurɓushi ba ɗanyen kwaɓi ba ki sauke.

Ki gaya min garin naki na madara ne ko na tsirrai, don na tsirrai ya fi shan ruwa, sai kin ƙara yogot.