Tambayi Likita: wasiƙun masu jinya

Wasiƙun wannan makon ba marasa lafiya ne suka rubuto su ba, masu kula da su ne. Na ɗauki uku, duk daga nan Jos.

Likita, shekara biyu ke nan Babanmu na kwance da shanyewar ɓarin jiki. Mu bakwai ya haifa, amma ni kaɗai ce a gida tun da aurena ya mutu. Kwanan nan na ga fatar ƙugunsa ta yi baƙi ta fara saɓulewa. Ni kuma bayana ciwo yake, sai na sha diclofenac kullum kafin in iya ɗaga shi. Daga wata baiwar Allah, Anguwan Rogo.

Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Abin da kika gani farkon gyambon kwanciya ne. Idan mutum ya daɗe a kan gefe ɗaya, nauyinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa shiga, naman wurin ya fara mutuwa. Littattafan da muka karanta a makaranta sun ce wurin zai yi ja, amma a fata irin tamu ja ba ya nunawa. Duhu za ki gani, ko ki taɓa ki ji wurin ya fi sauran jiki zafi ko tauri. Ki riƙa duba ƙugu, kwatangwalo, diddige da idon sawu kullum.

A juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana. A sa filo ƙarƙashin ƙwaurinsa yadda diddige ba zai taɓa katifa ba, kuma kada a bar shi cikin jiƙaƙƙen famfas. Kada ki murza wurin da ya yi duhu, kada a barbaɗa toka ko garin magani. Wake, ƙwai, kifi da nono suna taimaka wa fata ta haɗe. Tunda ta riga ta buɗe, a kai shi a duba. In kuwa akwai wari, mugunya ko zazzaɓi, yau ɗin nan za a tafi. Idan kun je asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ki nemi sashen gashin ƙashi su nuna miki yadda ake juya shi da motsa masa gaɓoɓi.

Sai bayanki. Diclofenac na kullum yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda, don haka ki daina, ki je a duba ki. Ba a sunkuyawa a cicciɓi babban mutum. Zani mai ƙwari ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa, mutum biyu su riƙe gefe da gefe, su lanƙwasa gwiwa su ja tare. Ki lissafa da kyau: juyi duk awa biyu, sau 12 ke nan a kwana ɗaya. Ba mahalukin da zai yi wannan shi kaɗai shekara biyu bai karye ba. Ki tara 'yan'uwanki ki karanta musu wannan amsa, a raba kwanaki. Turo kuɗi ta waya alheri ne, amma kuɗi ba ya juya mara lafiya ƙarfe biyun dare. Wanka da tsarki kuwa, na tabbata Baba zai fi sakewa a hannun 'ya'yansa maza.

Likita, aiki aka ɗauke ni a wani gida, ina kula da yaro ɗan shekara shida da ba ya zama, ba ya magana tun haihuwa. Yana daɗewa kafin ya haɗiye abinci, shi ne Hajiya ta ce in riƙa yi masa ɗura. Yakan ƙware. Yana kuma jijjiga, kakarsa ta ce in sa masa cokali a baki. Ina tsoron in yi musu a sallame ni. Daga wata 'yar aiki, Bukuru.

'Yata, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Yara irin wannan, galibi ƙwaƙwalwa ce ta taɓu saboda doguwar naƙuda, shawarar jarirai ko sanƙarau, kuma haɗiya tana yi musu wuya. Ɗura tana kai kunu cikin huhu, daga nan sai nimoniya. Ki zaunar da shi a miƙe, kansa ya ɗan sunkuyo, ki ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, sai ya haɗiye ki ƙara. In ya gama ya zauna rabin awa kafin ya kwanta.

Idan jijjiga ta zo, ba cokali, ba ruwa, ba yatsa. Ki kwantar da shi a gefensa, ki kawar da abin da zai buge, ki duba agogo. Ta wuce minti biyar, sai asibiti. Yawunsa ba ya sa wa kowa farfaɗiya. Ba sai kin yi musu da Hajiya ba: ki roƙe ta ta tafi da ke ranar ganin likita, ki yi tambayar a gabanta. Ga iyayen gida kuma, wadda kuka bar wa ɗanku tun asuba har dare ta cancanci hutun yini ɗaya a mako da albashi a kan lokaci.

Likita, mijina ya yi haɗarin mota, lakarsa ta taɓu, ba ya jin ƙafafunsa. Da sanyi nakan kunna masa gawayi a ɗaki. Ni kuma ba na barci, sai kuka, wani lokaci in daka masa tsawa in dawo ina nadama. Wurin aikinsa ma sun fara ja da baya. Daga wata matar aure, Rikkos.

Sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, amma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci. Ki fitar da shi. Kada kuma ki jingina masa kwalbar ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba. Safa da bargo sun isa.

Tsawar nan ba mugun hali ba ce, 'yar'uwa, gajiya ce ta kai maƙura. Idan rashin barci da kukan sun haura mako biyu, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ki ga likita don kanki. In har tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki kwana ba ki gaya wa wani ba.

Batun aiki, akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, akwai kuma hukumarsu ta ƙasa a Abuja da ke karɓar ƙorafi. Ku adana takardun asibiti da duk wasiƙar da wurin aikin ya aiko, kuma kada maigida ya sa hannu a takardar ajiye aiki sai lauya ya gani.