Tsohon kansila da shirin rediyo

Malam, kana tambaya ko mutane za su saurari yayanka da ya sauka daga kansila a Daura idan ya fara gabatar da shiri a rediyo. Za su saurare shi sosai, don ya san ta inda kuɗin ƙaramar hukuma ke shigowa da inda suke maƙalewa.

Amma fa sai ya ajiye hular jam'iyya a bakin ƙofa. A shirye-shiryen kiran waya da nake ji a tashoshin Katsina, da mai gabatarwa ya fara kare mutanensu, masu kira ba sa raga masa, har rijiyar burtsatsen da ya yi alkawari sai an tono. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ma ta sha cin tarar tashoshi a baya kan saɓa ƙa'idojinta, kuma babu manajan da zai yarda ya biya saboda shi.