Ku Tambaya: Hawad da tawadar da ke ɓarewa a kan takarda

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Tawa, ina zane kuma ina rubuta waƙa. An ce akwai wani ɗan ƙasarmu, Hawad, da ya haɗa biyun. Wane ne shi? Sannan na gwada zana manyan haruffa da tawadar allo a kan takarda, amma da ta bushe sai ta riƙa ɓarewa. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Hawad Ba'abzine ne, an haife shi a 1950 a yankin Abzin, ya kuma tashi cikin makiyaya. Da harshen Tamajak yake rubuta waƙoƙinsa, da haruffan Tifinag, waɗanda ya ƙara wa wasula don karatu ya yi sauƙi. Ya daɗe da zama a Faransa, kuma matarsa Hélène Claudot-Hawad, masaniyar al'adun Abzinawa, ita ke fassara aikinsa zuwa Faransanci. Salon zanensa, wanda ya raɗa wa suna furigrafi, daga rubutun ya fito: yana jan harafi da ƙarfi da sauri, ya miƙe shi, ya karya shi, har ya bar karantuwa ya koma siffa. Abin koyi a nan shi ne hannunsa ya ƙoshi da harafin kafin ya fara karya shi. Kai ma ka fara da ajamin da ka iya tun makarantar allo.

Tawadar da ka ɗauka zuge ce, gawayi da ƙaro, kuma don a wanke ta aka yi ta. A saman takarda take zama, ba ta shiga ciki. Idan ƙaro ya yi yawa sai ta yi ƙyalli, iskar hunturu ta busar da ita ta tsattsage. Idan ya yi kaɗan, yatsa ma goge ta yake yi.

Ta takarda ita ce yambari, wadda alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ita. Ka daka bagaruwa busasshiya cikin tafin hannu biyu, ka zubar da ƙwayoyin, ka jiƙa a rabin litar ruwa kwana uku. Ka tace da ƙyalle mai laushi, ka jefa ɗan kashin maƙera ko tsofaffin ƙusoshi biyar masu tsatsa, ka bari har ruwan ya yi baƙi. Ka tsame ƙarfen, ka sake tacewa, sannan ka zuba narkakken ƙaro, ƙaramin cokali ɗaya a kowane kofin shayi uku. Kada ka manta ƙarfen a ciki: yambarin da ya sha ƙarfe da yawa yana cin takarda bayan shekaru, har harafi ya huje. Kuma kada ganin ta yi fari-fari a farko ya sa ka maimaita layi, da ta sha iska za ta ƙara duhu.

Takardar kaye ba ta ɗaukar wannan aiki, lanƙwashewa take yi. Nemi mai kauri, mai nauyin giram 200 zuwa 300 a kowane murabba'in mita, a shagunan kayan makaranta na Yamai, ka manne gefunanta huɗu a kan katako kafin ka soma. Alƙalamin kara ka fere bakinsa da faɗi, ka tsaga tsakiya kaɗan don ya riƙe tawada.

Da damina ka haɗa tawadar kaɗan-kaɗan, domin tana yin funfuna. Kyankyasai kuma suna son ƙaro, don haka ka adana aikin a akwati mai murfi, da farar takarda tsakanin kowane biyu. In za ka sa gilashi, ka raba shi da zanen da siririn kwali, in ba haka ba raɓa za ta manne su. A bayan kowane aiki ka rubuta sunanka, shekara da baitin da zanen ya fito daga cikinsa, ka ɗauki hotonsa a inuwa. Waƙoƙin da zanen duka kana iya kai su rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa da ke Yamai, kafin ka saka su a Facebook.