Manhajar duba yara a ƙaramin asibiti: dole ne in bi duk abin da ta ce?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a karkara. An ba mu kwamfutar hannu mai manhajar duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wani lokaci sai ta ce kada in ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, alhali uwa ta nace sai an ba ta. Shin dole in bi abin da ta ce? Kuma a ina takan yi kuskure?

Amsa: Malama, irin wannan manhaja ba ta ƙirƙiro sabon ilimin likitanci ba. Ƙa'idojin IMCI ne, wato tsarin duba yaro mara lafiya da yi masa magani, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a shekarun 1990, aka ɗauke su daga littafi aka mayar da su tambayoyi bi-da-bi. Haka manhajar ALMANACH take aiki a ƙananan asibitocin Jihar Adamawa, haka ma ta shirin IeDA a Burkina Faso. Za ta fara da alamun haɗari: yaron da ya kasa sha ko kama nono, mai amai da duk abin da ya shiga cikinsa, mai jijjiga, da wanda ya galabaita ko ya suma. Idan aka samu ko da ɗaya, za ta ce a ba shi maganin farko a tura shi babban asibiti. In babu, sai ta wuce tari, gudawa, zazzaɓi, kunne da tamowa, sannan ta lissafa magani bisa nauyi.

To amma manhaja ba ta ganin yaro. Abin da kika shigar kawai ta sani, kuma yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Ɗauki ƙidayar numfashi. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya shi ne saurin numfashi. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60. Idan aka ƙirga yaro yana tsala kuka, ko aka ƙirga daƙiƙa 15 aka ninka sau huɗu, mura ce za ta fito a matsayin ciwon huhu, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoxicillin ba gaira ba dalili. A bar shi a cinyar uwa, a ɗaga riga, a jira ya natsu, a ƙirga cikakken minti. Wanda adadinsa ya zo dab da iyaka, a sake ƙirgawa.

Nauyi ma haka. Maganin maleriya na artemether-lumefantrine ƙwaya ɗaya ce ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu daga 15 zuwa ƙasa da 25, sau biyu a rana har kwana uku. Yaron da aka ƙiyasta da ido aka rubuta masa kilo 14 alhali 16 ne, rabin magani ya samu. A duba sikeli ya tsaya a sifili kowace safiya, a kuma lura da ɗigo: 8.5 da 85 ba ɗaya ba ne, kuma ba kowace manhaja ce ke ƙin karɓar adadin da bai yi hankali ba. Igiyar awon damtse kuwa, ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani. A matse ta ko a sassauta, launin da ke jikin igiyar mai nuna sakamako ya canza.

Mafi muni a ganina shi ne a duba yara duka da ka, sai da yamma a zauna a cike manhaja don rahoto ya tafi. Daga nan ta zama rajista kurum. Na biye da shi shi ne danna "a'a" a jere saboda layi ya yi tsawo, ba tare da an tambayi uwa ba.

Batun uwar da ta nace: idan gwajin maleriya bai nuna komai ba, numfashi daidai, babu alamar haɗari, manhajar ce ke da gaskiya. Tarin mura ba ya jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawancin gudawa ma ruwan gishiri da sukari da zinc take bukata, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. Ki juya wa uwar allon ta gani, ki faɗa mata alamun da za su sa ta dawo nan take.

Inda za ki saɓa wa manhajar shi ne wajen ƙara tsanani. Ta ce a koma gida amma ke kin ga yaron bai yi miki ba, ki tura shi, ki rubuta dalili. Akwai cututtukan da ba a gina ta a kansu ba, kamar karaya ko rikicin sikila. Amma kada ki sassauta abin da ta ce na gaggawa ne. In maganin da ta rubuta ya ƙare a kantin asibiti, ki nemi madadin da ƙa'ida ta amince da shi daga mai kula da ku. Littafin IMCI na takarda ya zauna a aljihun tebur saboda ranar da caji ya ƙare, kuma duk sanda aka samu intanet a sabunta manhajar, domin ƙa'idojin magani suna canzawa.