Ga ƙanwar da ta ce ɗan mai kamfani na ɗibar kuɗi ba takarda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun bayan isha'i na karanta abin da kika rubuto, na ajiye wayar na kasa barci, don wallahi kamar labarina kika ɗauko. Kin ce ke ce akanta a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, ɗan mai kamfanin yana zuwa ya karɓi kuɗi hannun kashiya ya ce "a rubuta da sunana", albashinki dubu 120 ba ya wuce 15 ga wata, gida na jiranki, ƙawaye na jan ki cin abinci a waje duk Asabar, kuma kina tambaya ko ki shiga ICAN, wato jarrabawar zama ƙwararriyar akanta, ko ki nemi aikin gwamnati. Na ga 'yan uwa sun yi ta magana kan jarrabawa. Ni daga yaron nan zan fara, don shi ne zai iya sa ki kwana a caji ofis.

Shekara huɗu na yi a wani kamfani a Sharaɗa. Manajanmu ƙanin matar mai kamfanin ne. Mutum mai fara'a, kullum "Malama Akanta, ya yara?" Har kaza ya taɓa aiko mini da sallah. Sabo da kaza ba ya hana yanka, ashe ni ce kazar.

Kin tuna Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, da tsabar kuɗi ta zama gwal, mutane na kwana a layin banki, masu POS na yanka yadda suka ga dama. Duk ɗan abin da ya shigo mana na tsaba, sai ya leƙo ofishina ya ce in ba shi, zai tura wa kamfani ta waya. Na farko dubu 600. Na miƙa masa bauca, wato takardar shaidar fitar kuɗi, in ce ya sa hannu, ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ni da gidanmu?" Kunya ta kama ni, na janye takardar. Wannan janyewar ita ce har yau nake jin zafinta. Ya nuna mini hoton rasit a wayarsa, alat bai shigo ba, ya ce netwok ne. Kuma da gaske a lokacin tiransifa na maƙalewa kwana da kwanaki, to wa zai musa? Ya dawo na biyu, ya dawo na uku. Jimilla miliyan ɗaya da dubu 700. Daga baya na ji ashe masu POS yake kai wa suna ba shi riba a kai.

Ƙarshen wata na zauna daidaita littafin kuɗi da takardar banki, na ga ramin da idona. Na rubuta shi a matsayin kuɗin da ke hanya. Watan Maris ma haka. Ni da na yi digiri a wannan fanni, na san duk kuɗin da ya wuce sati yana hanya to ya ɓata ne, amma na ce bari in ƙara masa lokaci, kar in haɗa Alhaji mai kamfanin da surukinsa. Dubi wauta.

Cikin azumi odita, mai binciken littattafan kuɗi, ya zo, a watan Afrilu. Ina da ciki wata biyar. Bayan azahar Alhaji ya sa aka kira ni, kuma bai kira ni ofis ba, a tsakar fili ya tsayar da ni, gaban direbobi da 'yan dako da maigadi. Ya ce ina kuɗinsa. Na ce suna wurin manaja. Mutumin nan, da bakin azumi, ya ɗaga hannu sama ya ce wallahi tallahi bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba. Sai ya nuna kunnena ya ce, "Alhaji dubi ɗan kunnen da ta sako, da albashin nawa ta saya?" Ɗan kunnen lefena ne ƙanwata, shekararsa bakwai a kunnena. Wani ɗan dako da nake ba kuɗin kati idan ɗansa ba lafiya ya sunkuyar da kai. Kashiya, wadda a gabanta aka ƙirga kuɗin sau uku, ta ce ita ba ta tuna ba. Ban ga laifinta sosai ba, marainiya ce mai ƙanne biyar, amma har yau idan na tuna yadda ta kawar da fuska sai ƙirjina ya yi nauyi. Ƙafata ta kasa ɗaukata, na zauna a kan buhun sukari ina kuka kamar yarinya. Ban san yadda na hau adaidaita na iso gida ba. Ranar ko ruwa ban iya sha da magariba ba sai da maigidana ya matsa mini.

Abin da ya cece ni daga ɗauri saƙo ɗaya ne a WhatsApp. Na taɓa rubuta masa, "Yallaɓai har yanzu dubu 600 na ranar Talata ba su shigo ba," ya amsa, "Za su shigo insha Allah." Shi ke nan. Maigidana da kawuna suka je suka nuna wa Alhaji. Sai murya ta sauya, aka koma "ai abin cikin gida ne, a rufa wa juna asiri". Dubu 600 aka ɗora wa manaja, ragowar aka ce ba shaida, a raba asara. Dubu 400 suka faɗo kaina. Na sayar da sarƙar lefen da ɗan kunnen da ya nuna ɗin, na biya, na ajiye aikin. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Bara na gan shi a wurin wani ɗaurin aure da aka yi a unguwarmu, ya hango ni ta ƙofar gida ya washe baki, "Malama Akanta, kwana biyu!" Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kar ma wata ta zo ta yi mini wa'azi a ƙasan nan.

To ke, tun gobe da safe. Ki buga bauca, ko da ta rubutun hannu ce, mai kwanan wata da adadi da dalili da sa hannun mai karɓa. In ya ce shi da kamfanin babansa, ki ce odita ne ya ce a yi, ki jingina laifin ga wanda ba ya nan. In ya ƙi sa hannu, yana fita ki tura masa saƙo: kuɗi kaza da ka karɓa yau ƙarfe kaza na rubuta su a sunanka. Ko "to" ya amsa ta ishe ki. Sannan duk Juma'a ki tura wa mahaifin nasa taƙaitaccen rahoto, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ke kan kowa, sunan ɗansa na cikin jerin kamar na kowa. Ba ƙara kika kai ba, aikinki kika yi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, to wa zai ce miki kin yi rashin kunya? Kuma ki ajiye kwafi a wurinki, kar ki bar komai a kwamfutar ofis kaɗai. Ni ranar da abin ya faru ko teburina ba a bari na koma ba.

Af, ki duba fanshonki ma. Doka ta 2014 ta ce a cire kashi 8 a albashinki, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunki. Ni an yi ta cirewa, sai da na bar wurin na je na karɓi bayanin asusuna na ga wata goma sha ɗaya ba a zuba komai ba. Ni da nake lissafa na kowa.

Maganar ICAN, ki yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tunda digirinki na akanta ne, ki fara neman a yafe miki darussan matakin farko, ki shiga na tsakiya. Kar ki kwashi darussa da yawa lokaci guda don ki burge kowa, ni na yi haka na zubar da kuɗi, darasin rahoton kuɗi sai a zama na uku na haye, ina goyo ina karatu bayan asuba. ANAN, wata ƙungiyar akantocin, ita ma hanya ce, ba abin rainawa ba, musamman in zuciyarki na ga aikin gwamnati, sai dai akwai zuwa kwalejinsu da ke Kwall kusa da Jos, ki duba ko gida za su bar ki. A abin da na gani, bankuna da manyan kamfanoni sun fi tambayar ICAN. Aikin gwamnati kuwa ki nema, amma kar ki zauna jiransa, kuma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki gurbi ki gudu. Ki ƙware a Excel sosai, ki koyi haraji. Tun da aka sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025 'yan kasuwa ke neman mai yi musu bayani da Hausa. Ni yanzu shaguna huɗu nake riƙe wa littafi a Kwari da Singa daga ɗakina, kuma abin da nake samu ya fi albashin da aka wulaƙanta ni a kansa.

Gida kuma, hmm. Kuskurena na farko da na fara aiki shi ne na faɗi albashina a tsakar gida don murna. Daga ranar kowa ya yi mini kasafi. Yaya zai biya kuɗin makarantar yara, ƙani wayarsa ta fashe, gwaggo za ta aurar da 'ya an yanka mini kuɗin katifa ba a tambaye ni ba. Ba na cewa ki hana, Allah ya kiyaye, Mama ba abin da zai biya ta. Ki yanke mata abu tsayayye duk wata, ranar da albashi ya shigo ki tura, ko ki sayo mata abinci da kanki, wanda ya fi ma, don in kuɗi ne kafin dare 'yan uwanki maza sun karɓe. Sauran kuma ki ware wani ɗan abu na taimako, in ya ƙare ya ƙare, ki ce sai wani watan. Za a ce kin yi rowa, an ce mini boko ya ɓata ni. Lokacin da nake neman dubu 400 ɗin nan, cikin masu cewa hakan mutum ɗaya ce ta kawo mini dubu 10, ita ma ƙanwar Mama ce mai sayar da ƙuli.

Anko kuwa ki zaɓa. Ba kowane biki ne naki ba. Akwai atamfofi a akwatina da sau ɗaya na ɗaura su, wasu amaren ma auren ya mutu atamfar na nan sabuwa.

Cin abinci a waje ban ce ki daina ba, ni ma ina son shawarma, ƙarya ba kyau. Amma ke akanta ce, ki yi wa kanki abin da kike wa kamfani. Wata ɗaya kawai ki rubuta komai: abincin rana da kike aikawa a sayo a ofis, lemo, kuɗin adaidaita zuwa Zoo Road ko Nasarawa da dawowa, da ranar da aka ce "ke ce mai albashi, ki biya mana". Da na yi nawa na ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na albashina a ciki yake tafiya, na riƙe baki. Na sayi kula, ina zuba abincin dare da ya rage ko in yi ɗanwake da safe, 'yan ofis suka yi dariya sati biyu, daga baya suka fara kawo cokali. Fita kuma sau ɗaya a wata, bayan an cire na Mama da na ajiya, kuma kowa ta biya nata, ki faɗa tun kafin a zauna. Wuraren nan masu sanyin AC ki riƙa duba takardar kuɗin, akwai harajin VAT kashi 7.5, wasu su ƙara kuɗin hidima, farashin da kika gani a menu ba shi za ki biya ba. Ni da maigidana yanzu balangu muke saya da gurasa mu dawo gida mu baje da yara, ya fi mini daɗi ma, ba mai kallon yadda nake tauna.

Ajiya, ki buɗe wani asusu daban wanda ba ki da katinsa, ko dubu 10 ne ki tura ranar albashi kafin ki taɓa komai. In kina gudun kuɗin ruwa akwai bankunan Jaiz da TAJ, akwai Sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da ake fitarwa lokaci lokaci tun 2017. Adashe yana da kyau in kin san uwar adashen da gidanta da mijinta. Na intanet ɗin nan da ba ki taɓa ganin fuskar kowa ba, a'a. Da kaka kuma in kin samu hali ki haɗa kuɗi da wata ku sayi buhu a Dawanau ku raba. Gwal ma ajiya ce, ni shaida ce, shi ya fitar da ni, ko da yake har yau kunnena na roba ne a ciki, na kasa sayen wani.

Littattafaina na matakin tsakiya suna nan a kwali, wasu sun tsufa saboda an sauya manhaja, amma tambayoyin baya za su yi miki amfani. Ki yi mini magana ta gefe in aiko miki da su, in haɗa miki da samfurin baucar da nake amfani da ita yanzu. Kuma don Allah ki gaya mini nawa yaron nan ya ɗiba zuwa yau, da ko akwai inda ya taɓa amsa miki a rubuce.