Kaza ta ƙyanƙyashe goma, biyu suka rayu: laifin zakara ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ina da kajin gida tara da zakara ɗaya. Sakinsu nake yi su yi kiwo, da yamma su dawo akurki. Ƙwai kam suna yi, suna kwanci, kaza takan fito da 'yan tsaki tara ko goma, amma kafin wata biyu sai a ga saura biyu ko uku. Wasu shaho ke ɗauka, wasu kuma sai dai a wayi gari a tarar da su a mace. Bara kuma wani ciwo ya shigo, manyan suka riƙa murɗe wuya suna kashi kore, cikin mako guda na rasa fiye da rabi. An ba ni shawara in sayo ƙaton zakara irin na gidan gona in haɗa su, wai irin nawa ne ya lalace. Shin hakan zai gyara? Kuma ƙwai nawa ya kamata in riƙa bar wa kaza ta kwanta a kai?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar zakara ki ajiye ta gefe tukuna. Kazar da ke tashi daga kwanci da 'yan tsaki tara ko goma ta yi nata aikin, zakaran da ya bi ta shi ma ya yi nasa. Asararki bayan ƙyanƙyasa take farawa, don haka sayo sabon zakara yanzu ƙara ruwa ne a tulu mai yoyo.

Zan fara da ciwon bara, domin shi ne mai share akurki baki ɗaya. Kashi kore, murɗewar wuya, numfashi da baki buɗe, mutuwa da yawa cikin 'yan kwanaki, waɗannan alamomin cutar Niyukasil ne. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Java na Indunusiya da kuma garin Niyukasil na Ingila, inda ta samo sunanta. Murar tsuntsaye ma kan zo da kamannin haka, gwajin ɗakin bincike ne ke rarrabe su, shi ya sa duk ranar da kaji suka fara zubewa da yawa lokaci guda, a sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi, kuma kada a yanka marasa lafiyar a ci ko a sayar.

Ƙwayar bairas ce ke kawo Niyukasil, kuma ba ta da magani idan ta kama. Kafson da ake farkewa a zuba wa kaji a ruwa ba ya taɓa ta ko kaɗan. Wanda ya ce ya ba su sun warke, waɗanda dama za su tsira ne suka tsira. Rigakafi kawai ke tare ta. Ga mai kajin sake, wanda na fi so shi ne I-2, wanda aka samar a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido ɗaya, babba da ƙarami duk ɗaya, har ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe jiya, kuma a maimaita duk bayan wata huɗu. Idan rigakafin LaSota kika samu shi ma yana aiki, sai dai dole ya zauna cikin sanyi har lokacin amfani, in an haɗa shi da ruwa kuma a gama da shi cikin awa biyu.

Da sassafe ake yi, kafin a buɗe akurki. Ki riƙe kan kazar a karkace, ki ɗiga, sannan ki dakata. Za ki ga ɗigon ya tsaya kan idon, ta ƙifta, ya ɓace, sai ta yi kamar tana haɗiyar wani abu. Sai a lokacin za ki sake ta. Wadda ta girgiza kai ɗigon ya faɗi ƙasa ba ta samu ba, a sake mata. Jiki na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya yi garkuwa, saboda haka ba ranar da kajin maƙwabta suka fara mutuwa ake neman rigakafi ba. Ki tuna watan da ciwon ya zo bara, ki yi wata guda kafin ya zagayo. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, to ki haɗa da maƙwabta, tunda tare suke kiwo.

Yawanci kuma mu ne ke shigo da cutar da hannunmu: kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta, aka jefa ta cikin sauran a daren nan. Kowace baƙuwa ta yi mako biyu a keɓe, da mazubin ruwanta daban. Mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone.

Yanzu 'yan tsaki, inda asararki ta kullum take.

Ɗan tsako na fitowa bayan kwana 21 da sauran gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku ko bai ci komai ba. Abin da ba zai iya ba shi ne ɗumama jikinsa. A makon farko yana son ɗumi na wajen digiri 32 zuwa 35, kuma a ƙarƙashin uwa yake samu. To ki lura da uwar da aka saki da asuba. Ta yi mako uku a zaune, ta rame, yunwa take ji, sai ta miƙe tana tono tana gaba, su kuma suna bin ta cikin ciyawa mai raɓa. Kafin hantsi gashinsu ya jiƙe. Na bayan ya tsaya yana kuka, fukafukai a sake, ido a lumshe. Wannan shi ne wanda shaho ke ɗauka, ko kuma wanda za ki tarar gobe a mace ki ce ciwo ne, alhali sanyi ne da yunwa.

Ki kife uwa da 'ya'yanta da babban kwando ko keji na ragar waya mai rufi a sama. Mako biyun farko kada su fita ko'ina. Daga nan har su kai mako shida, sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe a sake su kusa da ido, a mayar da su kafin la'asar ta yi sanyi. Kejin a riƙa matsar da shi zuwa busasshen wuri duk kwana ɗaya ko biyu, domin ƙasa mai danshi da tarin kashi ita ke haifar da ciwon hanji mai sa kashin jini, wanda ya fi kama su tsakanin mako uku da shida. Wannan yana da magani, amprolium, a wurin masu maganin dabbobi.

Ruwa a faffaɗan mazubi mara zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Abinci kuwa, a nan ne yawancin masu kiwo ke yaudarar kansu. Tsaki da dusa suna cika ciki, amma sinadarin gina jiki da ke cikin hatsi bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, ɗan tsako kuwa yana bukatar wajen kashi 20. Idan kina iya sayen haɗaɗɗen abincin 'yan tsaki na makonnin nan shida, babu kuɗin da za ki kashe a kiwon nan da zai fi wannan dawo miki. Idan babu, ki ƙara musu gara, tsutsa, garin busasshen kifi, dafaffen ƙwai da aka marmasa a kwanakin farko, ko waken soya da aka soya aka niƙa. Ɗanyen waken soya yana hana narkewar abinci, kada a ba su. Ki ɗan yayyanka ɗanyen ganye a kai. Hatsin da ya yi fumfuna kuma a zubar, gubarsa ta fi illa ga ƙanana. Da sun fara fita, ki sa abincinsu ƙarƙashin kwandon da ramukansa ke shigar da su amma ba sa shigar da manya, in ba haka ba zakara da ƙawayensa za su cinye.

Waɗanda ke mutuwa da dare kuwa, ki ɗauki tocila ki shiga akurkin bayan isha. Ki haska tsagogin bango da sandar da suke kwana a kai. Akwai ƙananan ƙwari masu shan jini da kaskar kaji waɗanda ke ɓuya da rana, sai dare su fito, har sukan kori kaza daga kan ƙwanta. Ki duba kuma ko akwai ramin ɓera ko kafar da maciji ko kyanwa za su bi. 'Yan tsaki kada su kwana ƙarƙashin manya. A share akurki duk mako, a ƙone shimfiɗar gurbi bayan kowace ƙyanƙyasa, a ajiye musu toka da yashi a busasshen wuri su riƙa birgima. Idan kin ga ƙuraje masu ɓawo a zanko da gefen ido, agana ce ta kaji, sauro ke yaɗa ta, kuma tana da rigakafinta da ake tsirawa a fatar fiffike.

Batun adadin ƙwai: takwas zuwa sha biyu, gwargwadon girman kazar. Ma'aunin shi ne idan ta zauna kada ki hango ko ɗaya a waje. Mutane kan ɗauka in ƙwai ya yi yawa, na gefen ne kawai za su lalace. A'a. Kaza tana juya ƙwanta tana sauya musu wuri, na gefe yau shi ne na tsakiya gobe, sai sanyi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka tara wa sha takwas takan fito da ƙasa da wadda aka ba goma.

Ki riƙa kwashe ƙwai kullum kina rubuta kwanan wata da fensir, ki bar ɗaya a gurbi don kada ta sauya wuri. A ajiye su a inuwa mai sanyi, ba firiji ba, tsinin yana ƙasa. Kada a wanke su, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke toshe ƙofofinsa daga ƙwayoyin cuta, ruwa na cire shi. Ranar da ta zauna da gaske, ki zaɓar mata waɗanda ba su wuce mako guda ba, matsakaita, marasa tsagewa, sauran a ci. Gurbinta ya zama nata ita kaɗai, don kada wasu su riƙa ƙara mata sababbi waɗanda ba za su fito tare da na farko ba. Ruwa da hatsi su kasance kusa. A kwana na bakwai zuwa goma ki haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu: mai rai za ki ga jijiyoyin jini sun bazu daga wani baƙin ɗigo, wanda haske ya ratsa fes kuwa babu komai, a cire shi kafin ya zama baragurbi ya fashe ya ɓata sauran.

Kazar gida ba ta cika wuce ƙwai 30 zuwa 60 a shekara ba, kuma ba rashin iyawa ne kaɗai ba. Mako biyu tana saka, mako uku tana kwanci, wata biyu zuwa uku tana reno. Idan kika raba ta da 'ya'yan a mako na shida, ta samu abinci, za ta koma saka da wuri. Wata dabara: ki zaunar da kaji biyu rana ɗaya, in sun ƙyanƙyashe ki haɗa wa wadda ta fi iya reno duka cikin dare, muddin za ta iya rufe su, ɗayar ta huta ta koma ƙwai. Masu saka kuma a ba su ɗan hatsi da yamma, da dakakken ƙashi ko busasshen ɓawon ƙwai da aka niƙa sosai, domin kowane ɓawo na cin wajen giram 2 na sinadarin kalsiyam daga jikinta.

To, zakara. Ɗaya ya ishi kaji goma, naki lissafin daidai yake. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganar lalacewar iri. Idan zakaranki ɗan gidan ne, yana bin uwarsa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa shekara da shekaru, za a fara ganin ƙwai na ƙin fashewa da 'yan tsaki marasa ƙwari. Akwai kuma wata ɗabi'a da nake ganin ta fi wannan ɓarna: duk zakaran da ya fi girma da sauri shi ake fara kamawa a sayar ko a yanka, sai tsumburarren da ba wanda ya so ya zama uban garke. Mafi kyawun shi ya kamata a bari, ko a yi musanyarsa da na wani gida mai nisa, kuma a riƙa sauyawa duk shekara.

Ƙaton farin nan na nama da ake fitarwa a mako shida zuwa takwas, ban ba ki shawararsa ba. Don yanka aka samar da shi, nauyi kan fi ƙarfin ƙafafunsa, bin kaza na yi masa wuya, kuma ba ya iya neman abinci a sake. Masu nama da ƙwai a haɗe, irin su Rhode Island Red, ko Kuroiler na Indiya, ko Sasso na Faransa, sun fi dacewa. 'Ya'yansu sukan fi girma, matan su fi ƙwai, amma cinsu ya fi yawa, tono kaɗai ba zai riƙe su ba, kuma da yawa daga cikin matan ba sa son kwanci. In kin bi wannan hanya, ki ajiye wasu tsantsar kajin gida su riƙa yi miki kwanci da reno. Ni dai da za ki ji tawa, ki bari sai kin ga bakwai ko takwas cikin goma suna kai wata biyu, kuma rigakafi ya zagayo sau biyu, sannan ki sa kuɗi a zakara.

Ranar da kika kawo shi, ya yi mako biyunsa a keɓe, a ɗiga masa rigakafi, sannan a cire tsohon a sake shi. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har mako biyu, wani lokaci ya kai uku, don haka ƙwan da aka saka cikin wannan tsakanin zai iya zama na tsohon. Ki ci waɗannan, ki fara tara na kwanci daga mako na huɗu.